Inda Bidi Ya Kwanta

Ba a taɓa kirana da wuri ba. Sai an gama tattake ƙasa, kowa ya zagaya turke sau uku ya faɗi abin da ke bakinsa, sannan wani zai tuna akwai Rabo mai bin sawu can bayan gari. Haka aka yi ranar da aka wayi gari babu dokin Alhaji Sharifu. Ko da na isa barga hantsi ya yi, abin da ya rage a ƙasa sawun mutum arba'in ne da na awaki.

Sunan dokin Bidi, saboda launinsa. Igiyarsa tana nan, ba a yanke ta ba. Kwance ta aka yi, aka naɗe ta tsaf aka rataye a kan turke. Na daɗe ina kallon igiyar nan. Shekara talatin ina bin ɓarayi tsakanin Gangara da bakin iyaka, ban taɓa ganin wanda ya tsaya gyara wa mai kaya igiya ba.

Su kuwa mutanen gari tuni sun samu ɓarawonsu. Gidaɗo sunansa, wani Bafulatani da ya sauka da shanunsa a bakin burtali kwana uku da suka wuce, yana hanyar arewa don shuka ta fito. Jiya an gan shi tsaye a bakin danga yana kallon dokin. Iyakar hujjar ke nan. Aka ɗaure shi a gindin dogon yaro a ƙofar mai gari, matarsa tana can ita kaɗai da shanu. Mai gari ya ce ya ba ni zuwa la'asar, in ban zo da wata magana ba zai buga wa jandarma waya a Gazawa. Samari kuma sun fara cewa ko jandarma sun tafi da shi, shanun ba za su bar garin nan ba.

Mutum ɗaya na gani a tsugune yana ba ɗaurarren ruwa, shi ne Chindo. Shi ya yi wa gidan Alhaji aikin barga tun zamanin mahaifin Alhajin, kuma shi kaɗai ne abokina. Tun da Lami matata ta rasu shekara huɗu ke nan, babu mai taka ƙofata sai shi. Kullum bayan azahar zai zo mu kasa dara a gindin tsamiyar gidana. Mutum ne mai nawa a wasa, in ya ɗauki ɗan dara sai ya yi ta juya shi a hannu har barci ya sace ni, in farka in tarar bai ajiye ba. Na yi masa sallama a ranar, ya amsa bai ɗago ba. Na ɗauka baƙin cikin dokin ne.

*

Na fara da mai kaya. Alhaji Sharifu ɗan kasuwa ne, wake yake kaiwa ƙetaren iyaka, dokin kuma gadonsa ya yi, bai taɓa sonsa ba. Ya ce mini ba dokin ne ya dame shi ba, shigar masa gida da aka yi ce. Dokin ma ai ba lafiya gare shi ba. Wata biyu ke nan yana tsaye sai ka ga ya zube a kan gwiwa kamar an sare shi, ya zabura ya miƙe, duk gwiwoyin sun zama gyambo. Wasu sun ce farfaɗiya, wasu sun ce iska. An yi turare, an yi jiƙo, ba sauƙi. Gobe ma kasuwar Gazawa ya yi niyyar rabuwa da shi ta hannun Ɗanbaba dillali.

Na tambaye shi me ya faru wata biyun da suka wuce. Ya ce ba abin da ya faru. Sai da na nuna masa turke na biyu da ke tsaye ba komai, ya tuna ya sayar da tsohuwar goɗiya ga wasu mutanen tunga, tana ja musu amalanke. Da doki ya zama ɗaya kuma bai ga amfanin mai barga ba, ya sallami Chindo da alheri, ya ce Salim, ɗan shi Alhajin, ya riƙa zuba harawa.

Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa ta ji tashin moto ɗin Salim, wato babur ɗinsa, tun kafin asalatu. Na samu yaron yana goge moton, saurayi mai gashin baki bai gama fitowa ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya amsa cewa bakin iyaka ya je ɗauko jarkokin mai ba da sanin ubansa ba. Na sunkuya na shinshina mazaunin moton, na ji warin fetur, na yarda da shi. Game da dokin kuwa cewa ya yi, “Baba Rabo, ni tsoron abin ga nike. Ko harawa daga bakin danga nike jehwa mai, in yi gaba.”

Ɗanbaba dillali dariya ya yi mini. Ya ce wane mahaukaci ne zai saci abin da gobe za a miƙa masa da rana tsaka? Na tambaye shi wa zai sayi doki mai faɗuwa. Ya dubi gefe, ya ce akwai masu kamyo, manyan motocin kaya, da ke loda irinsu zuwa kudu, kuma ba hawa ake yi ba. Ya ce kowa ya san haka, ko shekaranjiya ya faɗa a majalisa da aka tambaye shi. Ban tambaye shi wa ya yi tambayar ba, kuma wannan sakacina ne.

Na ƙare da Gidaɗo. Leɓensa ya fashe inda wani jarumi ya gwada ƙarfinsa a kan ɗaurarre. Bai roƙe ni ba. Na ce me ya tsayar da shi kallon dokin mutane.

“Tausai, Baba,” in ji shi. “Kai nai yana sauka, yana sauka, sai gwiwa ta karye. Wanga ba ciwo ba ne. Barci shi ke ji.”

Waɗanda ke kusa suka fashe da dariya, wai ji ɓarawo ya koma likitan dabbobi. Ni ban yi dariya ba.

*

Na fita bayan gari na zagaya, can inda ƙafafun masu taimako ba su kai ba. Shekaranjiya an yi ruwa, ƙasa tana riƙe da komai. A kudu da rijiya na tsinci sawun Bidi, yana jan ƙafar gaba kamar mai gajiya. Sawun ya nufi jar hanyar da ke zuwa iyaka, a nan ya ɓace a kan marmara, kusa da inda wata babbar mota ta tsaya ta juya. Na ce shi ke nan, Ɗanbaba ya yi mini wayo. Na ɓata lokaci mai yawa ina bin tayoyin motar nan, har na tarar da buhunan albasa da ta zubar, na gane ba ruwanta.

Na dawo na bi gefen hanya a hankali. Can gaba sawun ya sauka cikin kwari, ya juya arewa maso yamma. Wanda ya ja dokin ya san za a bi shi, ya hau marmara don ya ɓatar da ni. Amma sawunsa shi kansa ban samu ko ɗaya cikakke ba, domin dokin a bayansa yake tafe daf da shi, yana taka inda ya taka. Babu inda ya turje, babu inda ya waiwaya gida. Na yi tafiya mai nisa tsakanin gonaki, gero bai wuce tafin hannu ba, babu kowa sai ni da ƙasa. Aikina ke nan, kuma ban taɓa jin kaɗaicinsa ba sai da na rasa wadda zan koma in ba labari.

A gindin wani gawo da ya zubar da ganye na tsaya. Yashin wurin ya lotsa, faɗinsa ya kai tabarma. Ga shatar haƙarƙari, ga inda ƙafafu huɗu suka miƙe gefe guda, ga doguwar shatar wuya har zuwa inda numfashi ya hure yashi ya yi ɗan rami. Ba faɗuwa ba ce, ba birgima ba ce. Dokin ya kwanta ne ya miƙe, ya yi barci.

Abin da na sani game da barcin doki a bakin Chindo na ji shi, a gindin tsamiya. Ya ce doki yana gyangyaɗi a tsaye, gwiwarsa tana kulle kanta ba ya faɗuwa, shi ya sa mutane ke zaton ba ya buƙatar kwanciya. Amma barcin gaske sai a ƙasa, ɗan kaɗan ne, bai fi dahuwar shayi ba. Kuma ba zai kai haƙarƙarinsa ƙasa ba sai akwai wanda ya amince da shi tsaye a kansa yana duba masa daji. In dawaki biyu ne, ɗaya ya kwanta ɗaya ya tsaya. In aka raba shi da mai tsaya masa, zai yi ta daurewa har barcin ya riƙa kayar da shi a tsaye.

A wajen kan dokin na ga sawun mutumin, a karo na farko. Ƙafa biyu a wuri ɗaya, sun nutse don daɗewar tsayuwa, da ramin sanda a gefe. Bai zauna ba. Ƙafar hagu ta karkace waje, irin ta wanda doki ya taɓa harbi a ƙwauri yana yaro. Na fi sanin sawun nan da nawa, kullum da yamma ina share shi a ƙofar gidana.

Na zauna a wurin. Ban san iya lokacin da na yi ba, na dai ji ina ma a ce makaho ne ni.

*

Daga gawon zuwa tungar da aka sayar wa goɗiya ba nisa. Bukka biyar ce da rumbuna. Wata dattijuwa mai suna Tala ta fito ta ce sun tashi da asuba suka tarar da baƙon doki kusa da goɗiyarsu, ba su ga kowa ba, mazan sun tafi gona suna shawarar wa za su gaya wa. Ta kai ni bayan rumbu. Bidi yana kwance ya sake miƙewa, leɓensa yana motsi, tsohuwar goɗiyar tana tsaye a kansa tana kora ƙuda da wutsiya. Rana tana gudu, ana jirana, amma ban iya tashinsa ba. Na tsuguna na jira har ya ɗago kai don kansa, ya miƙe ya girgiza.

A hanyar dawowa na sake bi ta gindin gawon, ina jan dokin da igiyar aro. Reshe ɗaya zan ja a kan yashin nan magana ta mutu. Ko ban ja ba ma, wa ke karanta ƙasa a garinmu in ba ni ba? Na ce a raina doki ya dawo, a saki Bafulatani, kowa ya kama gabansa, gobe bayan azahar a kasa dara. Da wannan shawarar na shiga gari.

*

An yi la'asar an taru a ƙofar mai gari. Da aka hango dokin aka yi ta kabbara, Alhaji ya zagaya shi yana duba ko an rage wani abu. Na faɗi inda na same shi, na ce tunda kaya ya dawo a kwance baƙo ya tafi.

Alhaji ya ce a'a. Tungar nan ba a kan burtalin arewa take ba? Ai a fili take, Bafulatanin ya kai shi can ya ɓoye ne, in ya tashi da shanunsa ya ɗauka a hanya. Jama'a suka ɗauka da eh, haka ne. Mai gari ya zaro waya daga aljihu yana neman lambar jandarma. Gidaɗo ya dube ni.

Na dubi taron. Ga Salim, ga Ɗanbaba, ga Chindo can ƙarshe a jingine da bango, ƙafafunsa a kumbure, da jar ƙurar marmara a bakin wandonsa. Na ce, “Ranka shi daɗe, a dakata da wayar ga.”

Na gaya musu abin da na gani a gindin gawo. Na gaya musu yadda doki ke barci, kamar yadda aka gaya mini, na ce Bidi ba farfaɗiya gare shi ba, ba iska ba. An ɗauke masa goɗiya, an ɗauke masa mai barga, wata biyu bai kai haƙarƙarinsa ƙasa ba. Na ce dokin sata ba ya kwanciya a baƙon wuri a gaban baƙon mutum, ko zai mutu. Salim daga nesa yake jefa masa harawa. Ɗanbaba sau ɗaya ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Gidaɗo ko taɓa shi bai yi ba. Wanda Bidi ya kwanta a gabansa a tsakiyar daji, mutum ne da ya shekara yana tsaya masa.

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Ina so ya tashi da kansa. Na ba shi lokaci har mutane suka fara tari suna gyara zama. Bai tashi ba.

Mai gari ya ce, “Rabo, suna muke jira.”

“Chindo ne,” na ce.

Sai a lokacin ya dafa sanda ya miƙe. Bai musa ba. Ya ce shi ya tambayi Ɗanbaba a majalisa ina ake kai doki mai faɗuwa, kuma tun da ya ji amsar abinci bai shiga cikinsa ba. Sau biyu ya je gaya wa Alhaji abin da ke damun dokin, aka ce masa aikinsa yake nema a mayar masa. Shi nufinsa kasuwa ta ci ta watse babu Bidi, dokin ya samu barci kwana uku, ya dawo da shi a ga ya warke. Bai taɓa kawowa za a kama wani ba.

“To da ka dawo ka iske an ɗaure bawan Allah,” in ji mai gari, “mi ya hana ka magana?”

“Kunya, ranka shi daɗe. Shekara saba'in ba a taɓa ce mini ɓarawo ba. Na buɗe baki ya fi sau goma, ya ƙi buɗuwa.”

Ya taka har gindin dogon yaro ya kwance Gidaɗo da hannunsa, ya naɗe igiyar tsaf ya ajiye. Ya nemi gafararsa, shi kaɗai a duk garin. Gidaɗo ya murza wuyan hannunsa, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, kafin magariba ya kaɗa shanunsa ya bar mana burtalinmu.

*

Ba a kira jandarma ba. Alhaji ya ce ya yafe, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Bai kai dokin kasuwa ba, tunda ya ji lafiyarsa lau. Ya sa aka ɗaure jakin gidan a turke na biyu, aka ce a kwana na huɗu an ga Bidi a kwance. Amma sunan ya riga ya fita. A masallaci aka fara matsawa da takalma in Chindo ya shigo, a majalisa in ya zo sai hira ta mutu. Bai sake zuwa gindin tsamiya ba, ni ma ban samu fuskar zuwa gidansa ba. Bayan mako guda na ji zai koma Sae Sabuwa wurin 'yarsa Mansura.

Na same shi a tashar Gangara da ƙullin kayansa, yana jiran mota ta cika. Na zauna kusa da shi a kan benci. Ni ina jin haushinsa da ya bar ni na faɗa da bakina, ina kuma jin kunyarsa da na faɗa. Can ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko na ga wurin da kyau.

Na ce na gani.

“Ya miƙe sosai?”

“Har wuya. Numfashinai ya yi rami cikin yashi.”

Ya gyaɗa kai, fuskarsa ta ɗan saki. Sai na ce to yanzu wa zan riƙa ci a dara, tunda ba za a sake samun mai nawa irinsa ba.

“Ni ne mai nawa?” in ji shi. “Tambayi tsohin garin ga wa ke cinye su kahin su zamna daidai. Tun da Lami ta rasu ka san ba ka barci cikin ɗakin can. Ni dai riƙe ɗan dara nike, ina jiran ka tashi.”

Aka kira fasinja. Ya dafa sanda ya hau, ƙafar hagu tana karkacewa waje, motar ta ɗauki hanya.

Bidi yana nan, gwiwoyinsa sun warke har gashi ya fito. Ni kuma bayan azahar nakan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya in jingina. Ruwa ya cike guraben darar da yashi, ban sake tona su ba. Kaina yakan yi ta sauka, yana sauka, sai in zabura in dubi ƙofa.